Kunyar 'Yar Fari a Kampung Baru

Wanda ya fara yi mana maraba a Kuala Lumpur ɗan garinmu ne, kuma shi ya fara cutar mu. Tun muna Kano ya turo wa maigidana hotunan gida mai labule da kujerun fata, ya ce an share an goge, mu kawai ake jira. Da muka sauka ya ɗauke mu a motar haya yana ta "Madam ya hanya, Madam kin sha zama," ya kai mu Brickfields, unguwar Indiyawa da ke jikin babbar tashar jirgin ƙasa, ya hau da mu wani bene a saman shagon abinci. Ɗaki ɗaya ne da katifa da fanka mai kuka. Na ce ina kujerun fatar? Ya ce suna hanya. Ya sauka wai zai sayo wa yara ruwa, har na baro ƙasar ban sake sa shi a idona ba, daga shi har ruwan.

Mu huɗu ne. Ni da maigidana Malam Nura, da yarinyar da na fara haifa mai shekara bakwai, da ƙaninta Sadik da bai daɗe da yaye ba. Ni ce ɗalibar, jami'ar da nake koyarwa ce ta turo ni karatun digiri na uku, shi kuma Malam ya ɗauki hutu ya rako mu. A ɗakin nan muka zauna muna shaƙar kori safe da yamma har hijabaina suka kama ƙamshinsa. Amma matar mai shagon, wata Ba'indiya mai fara'a, kullum da safe sai ta aiko wa yara wata wainarsu mai faɗi kamar faifai, in na miƙa mata kuɗi ta girgiza kai ta tura min hannuna. Ba ma jin yaren juna, da murmushi muka yi zaman maƙwabtakarmu har muka tashi.

Daga nan muka koma Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da ke tsakiyar birni. Gidajen katako ne da bishiyoyin ayaba, dogayen benaye sun kewaye su ta ko'ina. Mun samu gida a hawa na tara na wani tsohon bene, kiran salla na shigo mana ta taga, masu sayar da shinkafar kwakwa a ƙunshin ganye suna bakin ƙofa. A nan hankalina ya fara kwanciya, duk da ran da daddawata ta ƙare sai da na zauna a kicin na yi kuka na gaske, Malam yana tsaye ya rasa ta inda zai fara rarrashin mace a kan daddawa.

Abin da nake bincike a kansa shi ne abin dariyar 'yan'uwanmu na can. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, lokacin da daular Turkawa take ta ja da baya, masanansu da marubutansu suka ɗora ido a kan Japan. Sun ga ƙasar gabas ta kwashi ilimin Turawa ta ƙera jiragenta, har ta kayar da Rasha a yaƙi, kuma ba ta yar da al'adunta ba. Abin ya burge su har wasunsu suka raɗa wa 'ya'yansu sunayen Japanawa. Da yawansu sun ce sirrin yana wajen renon yara da tarbiyyarsu, ni kuma wannan gefen na kama. Da na yi wa mahaifiyata Inna bayani a waya, sai ta ce, "To ke Bahaushiya, a ƙasar Malayawa, kina karanta abin da Turkawa suka faɗa a kan Japanawa. Duk cikinsu wa ya aike ki?"

Ana cikin haka aka bugo cewa mahaifin Malam ba lafiya. Ya tafi da niyyar ya duba shi ya juyo. Tsoho ya warke sarai, amma kafin Malam ya sa ƙafa a jirgi annobar korona ta rufe duniya. Aka rufe iyaka, aka rufe jami'a da makarantun yara da masallatai, aka ce mutum ɗaya tak zai fita cefane daga kowane gida. Titin da ba ya rabo da babura ya yi tsit, har kukan zakarun gidajen katako muke ji daga sama. Na wayi gari ni kaɗai da yara biyu da tarin hotunan tsofaffin jaridun Turkawa da ban iya karantawa ba, wanda zai fassara min kuma ya maƙale a wani gari.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani malamin jami'a ce Baturke. Mahaifiyarsa ta zo ganin jikoki ita ma rufe iyaka ya rutsa da ita. Amina Hanim ake ce mata, hanim ɗin kamar a ce hajiya ne a wajensu. Tsohuwa ce gajera mai kaifin ido, ta yi shekaru tana koyar da 'yan firamare, tana da Turanci daidai na faɗa da ciniki. Wata rana ta ajiye mana farantin burodi mai cuku a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta ja da baya, na buɗe riƙe da takardar da nake fama da ita. Ta leƙo daga nesa ta ce wannan rubutun kakanninta ne, da baƙaƙen Larabci, amma su an canza musu baƙaƙe tun kafin a haife ta, ba ta iya karanta ko layi ɗaya ba.

Na ce ni kuwa na yi makarantar allo, na san ajami, zan iya furtawa, ma'anar ce babu. Muka kalli juna ta saman takunkumin fuska, muka fashe da dariya.

Tun daga ranar, da an yi la'asar kowa ta sa kujera a bakin ƙofarta, baranda a tsakaninmu. Ni ce ido, ita ce kunne. Rubutun nasu ba wasali, sai in cika bakina in furta kalma yadda ta zo min, ita kuma ta riƙe ciki tana dariya har takunkuminta ya zame, sannan ta gane abin da nake nufi ta gyara min ta fassara. Tsofaffin kalmomin da suka fi ƙarfinta, in na Larabci ne ni nake ceto ta. A haka muka yi ta tafiya kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa, kuma ban taɓa jin daɗin karatu irin na lokacin ba.

Mutanen nan sun yaba yaran Japan ba kaɗan ba. Sun yi ta maganar tsabtarsu da ladabinsu, yadda suke cire takalma su jera a bakin ƙofa, yadda suke yi wa kansu hidima ba sa jiran babba. Sun yi mamakin iyayen da ba a cika jin tsawa ko duka a gidajensu ba, da uwayen da suke sauraron ƙaramin yaro kamar babban mutum ne yake magana. Yarinyar tana zaune a bayana a kan tabarma duk lokacin da muke wannan karatu, ban ɗauka tana bi ba. Sai na fara ganin takalmanmu a jere ras, kawunansu na kallon waje. Sai ga ta da tsumma tana goge daɓe a durƙushe, ta wanke kwanonta da na Sadik, ta ninke hijabinta ba a sa ta ba. Na bugi ƙirji na gaya wa Malam a waya cewa bincikena ya fara aiki tun kafin a buga shi.

A nan sai na tsaya na yi bayanin gidanmu. Mu mutanen Gwarzo ne, da jinin Fulani ta wajen Inna, kuma kunyar ɗan fari a wajenmu ba wasa ba ce. Ban taɓa faɗar sunan yarinyar nan ba tun ran suna. "Ke" nake ce mata, in ina ba da labarinta in ce "yarinyar nan." Ba na yabon ta, ba na ɗora ta a cinya a gaban mutane. Ita ma Anti take ce min, yadda ta taso ta ji ƙannena suna faɗa, Sadik ne mai cewa Mami, shi nake sabawa a kafaɗa ina yi masa rawa. In baƙo ya ce, "'Yarki ce?" sai in sunkuyar da kai in ce, "A'a, 'yar Binta ce," wato ƙanwata da ta yi ta goyon ta tana jaririya. A gida kowa ya san amsar nan, dariya ake yi a wuce. Ni kaina 'yar fari ce, haka Inna ta yi min, kuma ga ni ban lalace ba.

Wata la'asar bayan ƙaramar Salla, yara suna ciki suna kallo, Amina Hanim ta ajiye tabaranta ta ce, "In an buɗe hanya za ki mayar da ita wajen uwarta, ko za ta zauna da ku?"

Na ce, "Wa?"

Ta faɗi sunan yarinyar.

Na yi dariya na ce ai ni ce uwar. Ba ta yi dariya ba. Ta ce yarinyar da bakinta ta gaya mata, ran da take koya mata ninke takarda ta zama tsuntsu, cewa mamanta sunanta Binta tana Kano, ta ba wa Anti ita ne don ta yi makaranta. Yarinyar ta ce mata Anti ba muguwa ba ce, kawai dai ta fi son ɗanta, kuma hakan daidai ne tunda shi ta haifa. Maganar jera takalma da goge daɓe kuwa, ta ji muna karanta cewa iyayen Japan suna ji da yaransu saboda kirkinsu, shi ne ta ce bari ta gwada ko Anti za ta fara ji da ita.

Maganar ta soke ni. Amma ni in abu ya taɓa ni, faɗa ne yake fara zuwa min kafin hawaye. Na ce, "Hanim, al'adarmu ce. Kuma ba ke kika fassara min da bakinki ba? Kakanninki sun yabi Japanawa ne don sun riƙe al'adarsu. To ni ma tawa na riƙe."

Ta ce, "Sun yabe su don suna kallon yaro in yana magana. Wannan shafin ma ke kika karanta shi." Ta gyara zama. "Kina tsammani ku kaɗai kuka san kunyar nan? A ƙauyenmu babana bai taɓa ɗaukata a gaban kakana ba. Ko faɗuwa na yi sai ya kalli rufin ɗaki. Amma a gaban manya ne. Da kaka ya fita masallaci, a wuyansa nake yini. Ke a nan wa kike jin kunya? Firji? In ni ce babbar, na yafe miki."

Na kwashi takarduna da kujerata na shiga gida na rufe ƙofa da ƙarfin da ya fi na kullum. Yarinyar ta taso da sauri ta karɓi kujerar ta mayar inda take, ta ce, "Anti, boleh in dafa wa Sadik indomi?" Boleh kalmar neman izini ce ta Malayawa, ta fi Hausa zama a bakinta. Na kalle ta sosai, abin da na daɗe ban yi ba. Ta yi tsawo, haƙorinta na gaba ya fita wani yana tsirowa, ban ma san ran da ya faɗi ba. Tausayinta ya kama ni, na ce ta je ta dafa.

Da safe na kira Inna na zayyana mata komai, ina jiran ta goya min baya. Ta yi dariya har da tari. Sannan ta ce, "Ke wannan," don haka take kirana, "da nake yi miki kunyar nan, wa yake jan ki ɗaki ya ba ki ƙanzo ya ce uwarki ce ta ajiye miki?"

Na ce, "Kaka."

"Wa ya gaya miki kwana na yi a zaune ran da kika yi ƙyanda?"

"Gwaggo Ladi."

"To ita wa take da shi a can saman benen? Gidanmu mutum nawa ne, naku mutum nawa ne? Kin ɗauki rabin abu kin tafi da shi, kin bar rabin a nan." Na ji tana gyara murya. "Ki gaya mata. Ni ba na wurin, ban ji ba, ban gani ba."

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Na shiga banɗaki na kunna famfo na gwada sunan a gaban madubi, na ji kamar na fita titi ba ɗankwali. Na ce to bari in bi hanyar Japanawa, na same ta tana goge daɓe na durƙusa a gabanta don idona ya yi daidai da nata. Ta zaro ido ta ce, "Anti, santsi ne ya kwashe ki? Sorry lah, ban matse tsumman ba." Na ce ba komai, na karɓi wani tsumman muka goge falon tare. Wata rana na yabi shayin da ta haɗa, ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓin da ake faɗa ne ya kama ni. Amina Hanim kullum sai ta ɗaga min gira daga ƙofarta, ni kuma in girgiza kai, ta ce wai ta koyar da yara masu taurin kai da yawa amma ba ta taɓa samun mai digiri biyu ba.

Gab da babbar Salla aka sassauta doka, shaguna suka buɗe. Na bar Sadik wajen Hanim, na ce wa yarinyar ta sa takunkuminta ta raka ni sayen yadi. Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari, kujera ɗaya an zauna ɗaya an manna mata alamar hani, ta zauna nesa da ni tana leƙen taga, wata da watanni rabonta da waje. Jalan Tuanku Abdul Rahman titin 'yan yadi ne, ya ɗan yi kama da Kantin Kwari na Kano in an cire turereniya da 'yan dako. A ƙofar kowane shago sai an ɗora maka na'urar auna zafi a goshi. Muka shiga wani da yadika suka kai rufi, wata dattijuwa Bamalayiya, irin wadda suke kira Makcik, kamar a ce gwaggo, tana riƙe da almakashi.

Yarinyar ta tsaya gaban wani yadi ruwan ƙwai mai ƙananan furanni, ta shafa shi da ɗan yatsa ɗaya ta janye hannu. Ba ta ce tana so ba, ba ta taɓa cewa tana son komai ba. Da ta ga wani bandir ya zame ƙasa sai ta ɗaga shi ta jingina, ta gyara na kusa da shi. Dattijuwar ta bi ta da kallo, ta juyo ta tambaye ni da Turancinta na kasuwa ko wannan mai hankalin 'yata ce.

Na ga kafaɗun yarinyar sun ɗan sauka. Ta juya baya tana ƙirga furannin yadi, ta riga ta san amsar. Ni ma amsar ta taso min har bakin leɓe, don shekara bakwai tana nan a ajiye.

Na ce, "'Yata ce." Da Hausa ya fita, dattijuwar ba ta gane ba, sai na maimaita da Turanci, na ƙara da guntun Malayancin da na iya. Da bakin ya buɗe kuma ya ƙi rufuwa. Na ce ita ce ta fari, ni na haife ta, ita ta fi kowa karatu a ajinsu, ita take riƙe min gida. Na ce, "Hafsat, zo ki gaida Makcik, ki nuna mata wanda kike so."

Ba ta motsa ba. Ta juyo a hankali, idanu kawai nake gani a saman takunkumi, sun cika taf. Dattijuwar ba ta san me ake ciki ba, ta ga dai uwa da 'ya suna kuka a kan yadi, sai ta yanka ruwan ƙwan ta ƙara mana da ɗan ƙyallen ɗankwali kyauta, tana ta cewa annobar nan ta gajiyar da kowa.

A jirgin dawowa ta zauna a kujerar da aka hana, jikinta manne da nawa, ban ce ta tashi ba. Can ta ja hijabina.

"Anti, ba don matar ta ji daɗi kika faɗa ba?"

"A'a."

"To Anti Binta fa?"

"Goyo kawai ta yi. Wahalar duk ni na sha."

Ta yi dariya cikin majina. Sai da jirgin ya shiga ƙarƙashin ƙasa sannan ta ce, "In da gaske ne, wace rana kika haife ni?"

Ban taɓa ba kowa labarin nan ba, ko Malam. Na ce, "Ranar Talata ce, da damina. Ina tsakar gida ina tankaɗe garin masara kika fara buga min baya, ga hadari ya haɗo, ga motar maƙwabcinmu ta ƙi tashi."

Ta ɗago ta kalle ni. "Kin tuna duka?"

Na ce, "Har kalar zanin da aka naɗe ki. Gyara zama, Hafsat, da sauran tafiya."